Yadda muka nema wa 'yar shekara 17 masauki daga kansil a Ingila

Assalamu alaikum. Na rubuta wannan ne saboda 'yan'uwanmu mazauna Ingila, musamman mu iyaye mata, tunda yawanci ƙofarmu ake fara ƙwanƙwasawa idan yaro ya rasa wurin kwana. Abin da zan faɗa ya shafi Ingila ce kaɗai, Sikotilan da Wales kowace da tata dokar. Ba zan ambaci sunan yarinyar ba, ko garin da muke, ko kansil ɗin, wato ƙaramar hukumar yankinmu, don rufin asirinta da na danginta. Ita ce ta ba ni izinin in ba da labarin.

Mahaifiyarta aminiyata ce, Allah Ya ji ƙanta, a nan ta rasu. Mahaifin yana gida Najeriya da wani iyalin, ba shi da halin ɗaukar nauyinta, don haka riƙonta ya koma hannun kawunta. Zama ya ƙi daɗi tsakaninta da matar kawun, yau faɗan aikin gida, gobe na waya, jibi na lokacin dawowa daga kwaleji. A ƙarshen watan Nuwamba na 2023 aka zuba mata kaya a baƙaƙen ledojin shara aka ajiye a bakin ƙofa. Bayan isha'i ta iso gidana a jiƙe, ta ce, "Anti, ki bar ni in kwana ko a kicin ne, gobe zan san yadda zan yi." Na shimfiɗa mata a falo. Gidanmu na haya ne mai ɗaki biyu, ga maigida, ga samarina biyu da suka riga suka balaga, kuma yarjejeniyar haya ta ƙayyade yawan masu zama. Budurwa ta ci gaba da kwana a falo samari suna gittawa zuwa banɗaki, wannan ba tsari ba ne a addini ko a al'ada. Muka fara da abin da muka sani, wato sulhu. Maigida ya ɗauki limaminmu da wani dattijo suka je wajen kawun. Ya karɓe su da mutunci, ya ce a ba shi lokaci. Da suka koma sai ya ce gaskiya in ta dawo aurensa ne zai mutu. Sulhun nan ya ci kusan sati biyu.

Ofishin gidaje na kansil muka fara zuwa, domin a tunanin kowa wanda ba shi da gida can zai nufa. A bakin ƙofa aka ce sai an cike fom ta intanet tukuna. Muka zauna a kujerun jira muka cike a wayarta, aka ba mu lamba, muka zauna tun hantsi har azahar ta wuce. Ba a biyan ko sisi a wannan ofis, abin da muka kashe kuɗin bas ne, fam 2 kowace tafiya a lokacin, sai ɗan abin taɓawa. Jami'in da ya kira mu ya nemi fasfo da katin izinin zama, muka ce duk suna hannun kawu. Abin da ke jakarta katin kwaleji ne da wata wasiƙar likita mai ɗauke da ranar haihuwarta, sai hoton fasfon da ta taɓa ɗauka a waya. Ya karɓa da ƙyar. Sannan ya buga wa kawun waya a gabanmu ya sa a amsa-kuwwa. Ku san halin mutanenmu da kunyar hukuma. Kawu ya ce shi bai kori kowa ba, ƙofarsa a buɗe take, ita ce ba ta jin magana. Ina kallon yarinyar, ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta, hawaye na ɗiga a kan fom ɗin da ke cinyarta, ko uffan ba ta ce ba. Jami'in ya juyo ya tambaye ni inda ta kwana jiya, na ce gidana. Ya ce to ai tana da wuri biyu ke nan, kuma tunda ba ta kai 18 ba maganarta ta sashen kula da yara ce. Ya rubuta mana lambar waya a 'yar takarda. Da muka kira wannan lambar, wadda ta ɗauka ta ce matsalar gida ce, mu koma ofishin gidaje. Haka suka riƙa yi da ita kamar yagaggiyar naira a kasuwa, kowa na miƙa wa na kusa da shi.

Wadda ta fara buɗe mana hanya malama ce a kwalejinsu. Kowace makaranta da kwaleji a ƙasar nan tana da ma'aikacin da aka ɗora wa alhakin kare lafiyar ɗalibai, kuma idan shi ya aika da rahoto sashen kula da yara, yana shiga a rubuce, ba a iya share shi kamar kiran waya. Malamar ta ga yarinyar na gyangyaɗi a aji, ta ja ta gefe, ta ji labari, a ranar ta tura rahoto. Ita ce kuma ta ce mu kira Shelter, ƙungiyar da ke ba da shawara kyauta kan matsalar gidaje, da Coram Voice, masu tsaya wa yara a gaban kansil. Layin Shelter sai da haƙuri, na daɗe riƙe da waya ina wanke-wanke kafin a ɗauka, amma bayanin da na samu a wannan kiran shi ya sauya komai.

Ga abin da na fahimta, kuma shi ne dalilin rubutun nan. Dokoki biyu ne suke magana a kan yaro ɗan shekara 16 ko 17 da ya rasa gida. Akwai Dokar Gidaje ta 1996, wadda a ƙarƙashinta, tun 2002, ake sa irin waɗannan yara cikin masu fifiko. Akwai kuma Dokar Yara ta 1989, wadda sashe na 20 nata ya ce dole kansil ya ba da masauki ga yaro mabuƙaci idan wanda ke kula da shi ya kasa ba shi wurin zama da ya dace, ko mene ne dalili. Shekara da shekaru kansiloli suna tura yaran nan ɓangaren gidaje saboda ya fi musu arha. Sai a watan Mayun 2009 alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya, waɗanda su ne kotun ƙoli a lokacin, suka yanke hukunci a shari'ar wani yaro haifaffen Somaliya da kansil ɗin Southwark da ke Landan. Mahaifiyarsa ta kore shi yana da shekara 17, yana kwana a kujerun abokai da cikin motoci. Alƙalan, Baroness Hale ce ta jagoranci bayanin, suka ce Dokar Yara ita ce gaba, kuma sashen kula da yara ba shi da ikon sauke nauyinsa ta hanyar tura yaro ofishin gidaje. Gwamnati ta fitar da ƙa'idojin aiki a 2010, ta sabunta su a 2018. A ciki an ce idan yaro ba shi da amintaccen wurin kwana a daren da ya zo, a ba shi masaukin gaggawa nan take, bincike ya biyo baya. An kuma ce otal irin na kwana da karin kumallo bai dace da ɗan 16 ko 17 ba, ko da na gaggawa ne.

Bambancin hanyoyin biyu ba ƙarami ba ne. Wanda aka ba masauki a ƙarƙashin sashe na 20, da zarar ya wuce awa 24 ya zama ɗan riƙon kansil, su za su biya kuɗin ɗaki, su ba shi na abinci da sutura, su naɗa masa ma'aikacin walwala. Idan ya cika sati 13 a wannan riƙo kafin ya kai 18, taimakon ba ya yankewa ranar da ya girma, za a ba shi mai ba da shawara na kansa wanda zai iya nema har ya kai 25, da tallafin karatu, da kuɗin kafa gida. Wanda ya bi ta ofishin gidaje kuwa ɗaki zai samu, ya nemi Universal Credit, wato tallafin gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, da tallafin haya da kansa, kuma in ya kasa biya aka fitar da shi ana iya cewa shi ya jawo wa kansa. Da na ji maganar sati 13 gabana ya faɗi. Na ɗauko kalanda na ƙirga. Yarinyar za ta cika 18 a tsakiyar Afrilu, ke nan dole riƙon ya fara kafin tsakiyar Janairu. Ga shi Disamba ta yi nisa, hutun Kirsimeti na tafe, kuma ƙa'idojin gwamnati sun ba ma'aikacin walwala har kwanakin aiki 45 ya kammala bincike, wato sati 9. In aka bar abin ya tafi a hankali, lokaci zai wuce ba tare da kowa ya fito ya ce mana a'a ba.

Ma'aikaciyar walwala ta zo gidana ta ga inda yarinyar ke kwana. Na nuna mata katifar da muke naɗewa bayan kujera da ledojin kayan da ke jibge ƙarƙashin teburin cin abinci. Mace ce mai fara'a, ta cire takalmi a ƙofa ba tare da an ce ta cire ba, amma tambayarta ta farko ita ce ko zan iya ci gaba da riƙe yarinyar zuwa Afrilu. Wannan tambaya ta yi mini nauyi ƙwarai. Bahaushiya ta buɗe baki ta ce ba za ta iya riƙe marainiyar aminiyarta ba, a gaban yarinyar, abu ne mai ciwo. Tun daren da ya gabata na zaunar da ita na ce, "'Yata, gobe za ki ji na ce ba ki da wuri a gidan nan. Ba korar ki nake ba, gaskiyar halin da muke ciki ce, kuma in ban faɗa ba haƙƙinki zai salwanta." Ta ce, "Na gane, Anti." Na rubuta takarda da ranar ƙarshe da za ta iya kwana a wurina, na sa hannu, na miƙa wa ma'aikaciyar, na riƙe kwafi. Liman shi ma ya rubuta 'yar wasiƙa cewa sun je sulhu kuma kawun ya faɗa musu da bakinsa ba zai karɓe ta ba. Wannan wasiƙa ita ta rushe maganar ƙofa a buɗe take.

Bayan haka aka kira zaman haɗin gwiwa, ma'aikaciyar walwala da jami'in gidaje a ɗaki ɗaya. A nan ne aka ce wa yarinyar ta zaɓa. Yadda aka zayyana mata zaɓin ya ɓata mini rai. Aka ce in ta karɓi sashe na 20 ta shiga hannun hukuma, za a riƙa bibiyar ta, ana iya kai ta gidan wasu mutane a wani gari, amma in ta bi ta gidaje tana da 'yancinta da kuɗinta a hannu. Ba a ambaci abin da zai biyo bayan 18 ba ko da kalma ɗaya. Yarinyar da ta taso tana jin manya na cewa soshiyal, wato ma'aikatan walwala, masu ƙwace yara ne, me kuke zato za ta zaɓa? Allah Ya taimake mu mai tsaya mata tana wurin. Ita ba ma'aikaciyar kansil ba ce, aikinta ta tabbatar an ji muryar yaro, kuma ba a biyan ta komai daga aljihunmu. Ta nemi a ba su minti kaɗan su biyu, ta zana mata hanyoyin a takarda gefe da gefe, da abin da kowace ke bayarwa yanzu da bayan shekara uku. Da suka dawo yarinyar ta ce da bakinta tana son sashe na 20, kuma a rubuta cewa ta faɗa a wannan rana. Wani abin da ya kwantar mini da hankali shi ne, yaron da ya kai 16 shi ke da ikon amincewa, ko iyaye ba su so ba.

Ranar da na rubuta ta zo ba a ba da amsa ba. Muka ɗauki kayanta muka tafi ofishin kula da yara muka zauna. Wajen la'asar aka ce an samo ɗaki a wani ƙaramin otal kusa da tashar jirgin ƙasa. Na ce ba za ta kwana a can ba, na karanto musu abin da ƙa'idojin 2018 suka ce daga wayata. Aka shiga ciki aka daɗe. Ofis ya tashi, aka miƙa mu ga masu aikin dare, domin kowane kansil yana da ma'aikatan walwala na gaggawa da ke amsa waya bayan an rufe ofis da ranakun hutu. A ƙarshe aka kai ta gidan wata dattijuwa Baturiya mai karɓar matasa na ɗan lokaci, wadda aka tantance. Na raka ta har ɗakin. Dattijuwar ta tambaye ni abin da yarinyar ba ta ci, ta buɗe firji ta nuna mini ta ware mata wuri guda a ciki, sannan ta tambayi ta ina alƙibla take don ta matsar da ɗan teburin da ke gefen gado. A bas ɗin komawa gida na yi kukan da ban yi ba tun ranar jana'izar mahaifiyarta.

Sai ga wata sabuwa. Wasiƙar da ta zo ta ce an taimaka mata ne a ƙarƙashin sashe na 17 na Dokar Yara, wanda shi taimako ne kawai ga yaro mabuƙaci, ba ya mai da shi ɗan riƙo, kuma kwanakinsa ba sa shiga lissafin sati 13. Mai tsaya mata ta haɗa mu da lauya mai aikin shari'ar yara. Yarinya ce marar kuɗin shiga, don haka ta cancanci tallafin lauya na gwamnati, ba mu biya komai ba, illa cike fom da kai shaidar cewa asusunta babu kuɗi. Lauyan ya karɓi duk abin da muka tara: hoton takardar da na sa wa hannu, wasiƙar liman, saƙonnin imel, da littafin da nake rubuta sunan duk wanda muka yi magana da shi da rana da abin da ya ce. Ya aika wa kansil wasiƙar gargaɗin zuwa kotu, ya ba su wa'adi gajere saboda gaggawar lamarin. Ba a kai ga kotun ba. A farkon Janairu amsa ta zo cewa sun amince da sashe na 20, kuma lissafi zai fara daga daren da aka kai ta gidan dattijuwar. Na yi sujadar godiya a kicin.

Daga nan abubuwa suka tafi da sauri. Aka mayar da ita wani gida na 'yanmata zalla, kowa da ɗakinta, kicin ɗaya, da ma'aikata dare da rana. Na tambaya ko gidan na da rajista da Ofsted, hukumar da ke sa ido kan makarantu da wuraren kula da yara, domin tun ƙarshen Oktoban 2023 doka ta wajabta wa irin waɗannan gidaje rajista, aka nuna mini takardar. Aka yi mata gwajin lafiya, aka fara ba ta kuɗin mako, kwaleji kuma ta sa ta cikin tallafin ɗalibai masu rauni wanda ke kaiwa fam 1,200 a shekara. Taron farko na bitar yadda riƙonta ke tafiya doka ta ce a yi shi cikin kwanakin aiki 20, kuma wani jami'i mai zaman kansa ke jagoranta. Yarinyar ta nemi in halarta. A nan muka sa aka rubuta maganar naman halal da zuwa islamiyya ranar Asabar da kwana a gidana lokacin Sallah, kuma aka ɗora wa ma'aikaciyar walwala alhakin karɓo fasfo da katin zama daga hannun kawu. Da takardar hukuma ta je masa bai yi gardama ba. Azumin 2024 a can ta yi shi. Ba zan ce da daɗi ba, sahur ita kaɗai a kicin, sauran na barci, wata rana kuma a cinye mata abin da ta ajiye. Kusan kullum a gidana take shan ruwa, babban ɗana ya raka ta tasha.

Ta cika 18 kwanaki kaɗan bayan ƙaramar Sallah, sati 13 sun cika har da rara. Kafin ranar an riga an rubuta mata tsarin rayuwarta na gaba, an haɗa ta da mai ba ta shawara. Ba a fitar da ita daga gidan ba sai da aka samo mata ɗan ƙaramin gida, tunda wanda ya fito daga riƙon kansil yana cikin masu fifiko har ya kai 21. Kuɗin kafa gida, wanda gwamnati ta ɗaga zuwa fam 3,000 daga Afrilun 2023, ba a hannu ake bayarwa ba a wurinmu, ita da mai ba ta shawara suka riƙa zuwa sayen gado da firji da labule. Yanzu tana shirin jami'a, inda akwai wani tallafin fam 2,000 da ke jiran ta.

Abin da zan ce wa duk wanda irin wannan ya faɗo masa, a fara da sashen kula da yara, a kuma nemi makarantar yaron ta aika rahoto a rubuce. Sulhu abu ne mai kyau, ni ma ina goyon bayansa, kuma su kansu ma'aikatan za su gwada shi, amma a yi shi tare da neman haƙƙi a lokaci guda, musamman idan yaron ya wuce 17 da rabi, domin kowane sati yana da daraja. Idan kun ba yaro wurin kwana, ku faɗa wa kansil tun ranar farko cewa na wucin gadi ne, ku rubuta ranar da zai ƙare. Duk abin da aka faɗa muku ta waya ku nemi a turo ta imel, duk takardar da ta zo ku duba lambar sashen da aka rubuta a kanta, 17 ne ko 20. Kada yaro ya sa hannu a kan cewa ya ƙi riƙon kansil sai ya zauna da mai tsaya masa wanda ba ma'aikacin kansil ba. Rashin fasfo a hannu ba hujjar hana yaro wurin kwana ba ce, kuma wannan nauyi na Dokar Yara yana kan kansil ko da takardun zaman yaron ba su daidaita ba, sai dai a irin wannan hali a nemi lauyan shige da fice da wuri, tun kafin ya cika 18.

Akwai masu yi mini kallon wadda ta kai 'yar Musulmi hannun soshiyal, har wata ta faɗa mini a wajen suna. Na san daga inda tsoron ya fito, kuma ban ce babu yaran da suka sha wahala a hannun hukuma ba. Amma yarinyar nan ba a raba ta da kowa ba, tana zuwa gidana, tana waya da mahaifinta, kwanan baya ma ta je ta gaida kawun da matarsa ta haihu. Wanda kuma ya riga ya wuce 18 alhali an tura shi ofishin gidaje yana ɗan 16 ko 17, ya sani ana iya shigar da ƙorafi a kansil, in ba a gamsu ba a kai wa hukumar sauraron koke-koke kan ƙananan hukumomi, kuma akwai waɗanda aka dawo musu da matsayinsu daga baya. A irin wannan a fara da neman kwafin fayil ɗin yaron daga kansil, yana da haƙƙin a ba shi kyauta.